Gonar Beri da Jami'o'i Biyu

Ni ɗan kasuwar hatsi ne a Kontagora. Karatuna bai wuce aji shida na firamare ba, kuma tun ina yaro Allah ya yi ni da fargaba. Idan na kulle shago sai na kai bakin titi in dawo in girgiza kwaɗon. Idan na auna wa mutum dawa ya tafi, sai in zauna ina tunanin ko mudun ƙarshe ya cika, wani lokaci har in bi shi da ɗan ƙari a leda. Matata takan ce da ana sayar da fargaba a buhu, da tuni mun gina bene.

Wana ya rasu ya bar 'ya ɗaya tana ƙarama. Uwarta ta yi aure a Nasko, yarinyar ta dawo hannuna. Sunan mahaifiyarmu aka sa mata, don haka ban taɓa kiran sunanta ba. Uwata nake ce mata, ita kuma ta ce mini Baffa. Da aka raba gado, wata gona a Beri ta faɗo a rabonta, ni nake kula da ita. Hatsin gonar nan ban taɓa bari ya taɓa nawa ba. Buhunanta suna da kusurwarsu a shago, kowanne na ɗaure masa baki da jan zare, kuma ko ƙwayar da ta zube kusa da su sai na tsince na mayar, don ban san ta wane buhu ba ce.

Shekarar da ta gama sakandare ta ci jarrabawar shiga jami'a da kyau, ta ce ilimin kwamfuta take so. Jami'o'i biyu ne a gabanta. Akwai ta gwamnati, tafiyar rabin yini daga gida, wadda abin da gonar take bayarwa kowace kaka zai iya ɗaukar nauyinta. Ita ce Uwata ta rubuta tun farko. Akwai kuma wata mai zaman kanta can kudu, wadda wani malaminsu ya ba ta takardar tallarta. Takardar tana sheƙi, da hoton ciyawa a gyare da ɗalibai suna dariya, kowa da kwamfuta a cinya. Wannan kuwa ba a shigarta sai an sayar da gonar. An ba da mako biyu ga duk mai son sauya zaɓinsa, daga nan a rufe.

Da na bar maganar yadda take, da ba a yi komai ba. Amma yayata, wadda muke uwa ɗaya uba ɗaya, ta ji labari ta zo gidan. Tun muna yara nake tsoron bakinta. Ta zauna a tabarma, ta juya takardar nan gaba da baya, ko da yake ita ma karatun nata bai fi nawa ba.

"An ce akwai mai kyau, akwai kuma mai araha," in ji ta. "To, mun zuba ido mu ga wadda za a zaɓa wa marainiya."

Ta sha ruwa ta tafi, ta bar ni da abin da ya hana ni cin tuwo. In na bar yarinyar ta tafi ta kusa, za a ce don ba ni na haife ta ba. In na sayar da gonar, na taɓa dukiyar marainiya, abin da na yi shekaru ina ɗaure wa baki da jan zare. Kuma in an sayar, ba ta dawowa.

Na kira Uwata na tambaye ta wadda take so.

"Ta kusa, Baffa."

Ban yarda ba. Na san yarinyar nan da kara. In an tambaye ta ko ta ƙoshi sai ta ce ta ƙoshi, ko da loma uku ta yi. In an kai ta zaɓen atamfar Sallah sai ta nuna mafi araha ta ce kalarta ce ta burge ta. Washegari na sake tambayarta ta wata hanya, na ce ta ɗauka wani mai kuɗi ne zai biya. Ta ce ta kusa. Na tura matata ta tambaye ta a kicin, inda mata suka fi faɗa wa juna gaskiya.

"Ta ce ta kusa," in ji matata da ta fito.

"Ai ta san za ki faɗa mini."

"To, Malam, sai dai ka tura akuya ta tambaye ta. Ita ce kaɗai ba ta kawo maka rahoto a gidan nan."

Sai na ce bari in yi abin da na iya. Mu masu hatsi ba ma sayen buhu don abin da muka gani a bakinsa, domin kowa mai kyau yake zubawa a sama. Muna da wani ƙarfe mai tsini da rami a cikinsa, da shi muke soke buhu a tsakiya da kuma can ƙasa, mu zaro 'yan ƙwayoyi mu duba a tafin hannu. In akwai tsakuwa ko ƙwari, a nan za su fito. Na ce takardar nan mai sheƙi bakin buhu ce. Ƙasan buhun jami'a kuwa su ne waɗanda suka gama ta. In na ga abin da suka zama, na san abin da zan saya.

Na bar wa maƙwabcina shago na shiga gari, ina neman duk wanda ke zaune gaban kwamfuta. Na fara da mai buga takardu da ke kusa da kotu. Na yi sallama, na gaishe shi har sau biyu, sannan na tambaye shi jami'ar da ya yi ilimin kwamfuta.

"Baba, ni tarihi na karanta," ya ce, idonsa na kan aikinsa. "Wace takarda za a buga?"

Mai gyaran waya a bakin tasha ya ce wurin ubangidansa ya koya, shekara uku yana share shago kafin a bar shi ya taɓa sukurudireba. Mai cirar wa mutane kuɗi da ɗan injin nan ya ce shi jami'a ko ƙofarta bai sani ba, kuma in ba cira zan yi ba in matsa wa na bayana. Na yini ina yawo, ban sami mutum ɗaya mai shago da ya karanta abin da Uwata take so ba. Na dawo gida da sabuwar damuwa a kan tsohuwa, wato ko karatun ma gaba ɗaya ba shi da kasuwa.

Ina wanke ƙafa don sallar la'asar sai na tuna da ɗan abokina na Rijau. Abokin nan manomi ne, Kirista, mun fi shekara ashirin ina sayen dawa da wake a hannunsa. Babban ɗansa ilimin kwamfuta ya yi, kuma a jami'ar kusa ɗin nan. Shekara biyu ke nan, duk ranar da na je gidansu ɗaukar kaya, sai in tarar da shi a ɗaki da tsakar rana, ƙofa a ɗan saye, daga shi sai singileti. Ba ya zuwa gona, ba ya zuwa kasuwa, ba shi da ofis. Na taɓa tambayar uban, ya ce mini yana aiki. Na gyaɗa kai kawai, domin na san babu uban da zai tona wa ɗansa asiri. Tun daga ranar, duk cinikin da muka yi sai in ɗora ɗan wani abu a kan farashin ban faɗa masa dalili ba. Har na taɓa samo wa saurayin aikin rubuta kaya a wurin wani mai manyan motoci. Ya yi mini godiya ƙwarai, ya ce zai yi tunani. Na ce a raina kunya ce ta hana shi karɓa.

Na ajiye buta na ce wa matata na soki ƙasan buhun ta kusa, kuma ƙwari na gani. Da safe na je wurin wani dillalin filaye na ce ya nemo mai sayen gonar Beri.

"Mutum ɗaya ka gani ka yanke wa jami'a guda hukunci?" in ji matata.

"Ƙwaro ɗaya ake gani a san akwai 'yan'uwansa a ciki."

"Mai gonar fa, ka faɗa mata?"

"Za ta ce kada a sayar, don kara."

"Da za a ce gidan nan ya kama wuta ta ce maka wuta ce, sai ka ce kara take yi."

Maganarta ta dame ni, don ba na son yin abu a bayan idon mai shi. Saura kwana huɗu a rufe sauya zaɓi, ranar kuwa ta dace da zuwana Rijau ɗaukar wake. Na yanke shawarar in tafi da Uwata ta gani da idonta abin da jami'ar kusa take mayar da mutum, ta yadda ba sai na yi mata dogon bayani ba. A mota na yi ta ja mata kunne cewa kada ta nuna tausayi a fuska, kada ta tambaye shi aiki, ta gaishe shi kamar kowa.

Mun tarar da abokina a ƙarƙashin mangwaro yana gyaran fartanya. Matarsa ta kawo mana kunu, ta ja Uwata zuwa cikin gida. Da muka rage mu biyu, na matsa kusa na rage murya na faɗa masa abin da ya kawo ni. Na roƙe shi kada ya ji haushi, na ce ba don in kunyata ɗansa ba ne, jarrabawa ce da ke iya faɗa wa kowa.

Ya ajiye fartanyar ya dube ni. Sai ya fara dariya, ya yi ta yi har tari ya kama shi, matarsa ta leƙo ta ga ko lafiya.

"Malam," ya ce yana share ido, "ɗaga kanka. Kwanon rufin nan da ka yaba bara, wa kake tsammani ya saya? Faifan solan nan fa? Ni da waken nan nawa?"

"Ai ba ya fita."

"Na ce maka yana aiki."

"Na ɗauka rufin asiri ne."

"To ƙarin da kake yi mini a kan kuɗin dawa fa?" Ya tsaya, ya sake dubana, dariyar ta dawo. "Wayyo ni. Shekara biyu ina yawo a Rijau ina cewa dawata ta fi ta kowa, har mai saye daga Kontagora yake ƙara mini da kansa. Ashe sadaka nake ci."

Ya ƙwala wa ɗan nasa kira. Saurayin ya fito ya sa riga, ya durƙusa ya gaishe ni, aka kira Uwata ita ma. Ya yi mini bayani a hankali cewa wani kamfani yake yi wa aiki daga ɗakin nan, yana rubuta abin da ke sa manhajar waya ta yi aiki, mutanen kamfanin kuma sau biyu kawai ya taɓa ganin su ido da ido. Na tambaye shi ko ana biyansa duk wata, ya ce ana biya. Na tambaye shi fansho, ya ce babu. Na riƙe wannan a raina don in damu da shi daga baya.

Duk da kunyar da ta rufe ni, ban manta abin da ya kawo ni ba. Na ce masa shi ɗin wataƙila bakin buhu ne, ya faɗa mini labarin na ƙasa. Uban ya yi masa bayanin ƙarfen sukar buhu, saurayin ya yi murmushi, sannan ya amsa ba tare da ɓoye komai ba. Ya ce cikin waɗanda suka gama tare akwai mai sayar da caja, akwai mai koyarwa a firamare, akwai waɗanda har yanzu suna nema, akwai kuma waɗanda suka fi shi nisa. Ya ce ajinsu cunkushe yake, yajin aiki ya ci musu lokaci mai yawa, kuma yawancin abin da yake ci da shi yanzu shi ya zauna ya koya wa kansa. Abin da ya fi wahalar da shi, in ji shi, rashin kwamfuta tasa ta kansa, shekara biyu yana aron ta wani.

"Ta nesan fa?" na ce.

"Akwai wadda muke aiki tare da ta fito daga irin waɗannan. Ta iya aiki, Baba. Ta riga ni gamawa, kuma ta san mutane. Amma aiki ɗaya muke yi."

Wannan bai taimake ni da komai ba. Na zo da buhu ɗaya mai ƙwari, ga shi an mayar mini da buhu biyu kowanne da tsakuwarsa. Ina cikin wannan sai na ji Uwata ta fara yi masa tambayoyi. Ta tambaye shi irin kwamfutar da za ta isa shekara huɗu, da inda ɗalibai ke zuwa koyon aiki a shekara ta uku, da abin da mutum zai fara koya kafin a buɗe makaranta, da wasu abubuwan da ko sunansu ban iya maimaitawa ba. Ta ce wasu 'yan mata biyu da suka riga ta shiga can sun faɗa mata kaza da kaza, ko haka ne? Ya ce haka ne. Ban san ta yi magana da kowa ba.

Muka shiga motar dawowa, har muka wuce rabin hanya. Buhunan wake suna bayanmu, wata mata da kaji a kwando tana gefenmu. Sai na ce, a hankali, tun da waccan mai aiki tare da ɗan abokina ta riga shi gamawa kuma ta san mutane, wataƙila dai a bar dillali ya ci gaba da nema.

Uwata ta juyo. Tun da ta zo hannuna ban taɓa ganin ta ɗaure mini fuska ba sai ranar.

"Wane dillali?"

Na faɗa mata.

"Baffa, gonar nan tawa ce ko ba tawa ba?"

"Taki ce, Uwata."

"To ban sayar ba."

Mai kaji ta gyara zama don ta ji da kyau.

"Sau biyu na faɗa maka, sau ɗaya na faɗa wa Inna," ta ce, wato matata. "In an sayar aka kai ni can, suka ƙara kuɗi ina shekara ta uku, me za a sake sayarwa? Shagonka? In na gama na zauna shekara ɗaya ban sami aiki ba, me zan ci? Gonar nan duk kaka tana kawo wani abu. Ni ba kara nake yi maka ba. Atamfa ce nake yi wa kara, ita ma don na ga kana zufa in an faɗi kuɗi."

"Yarinya ta fi ka gaskiya, Malam," in ji mai kaji, wadda ba wanda ya tambaye ta.

Ba hujjojinta ne suka gamsar da ni ba, don ni ma na yi tunaninsu duka, na ma yi tunanin waɗanda suka fi su muni. Fuskar nan da ta ɗaure ce. Mai yi maka kara murmushi yake yi yana sunkuyar da kai. Wannan kuwa ido ta zuba mini kamar yadda mai sunanta take yi in na dawo daga aike da canjin da bai cika ba. Na ce to. Ta ce in sake faɗa, na sake faɗa.

Washegari na je wurin dillalin na janye maganar. Na ba shi haƙuri, na koma da rana na sake ba shi haƙuri, da na je na uku sai ya ce in na sake dawowa zai ɗauka sayarwa nake so. Kwana huɗun suka wuce ba a sauya komai ba. Ina da wani bijimi da na ba wasu makiyaya kiwo a daji, nawa ne na kaina, ba ruwansa da jan zare. Na sa aka kawo shi kasuwa, na saya wa Uwata kwamfuta irin wadda ɗan abokina ya kwatanta. Na sa mai shagon ya kunna ta ya kashe sau biyar a gabana.

Yayata ta zo kamar yadda na zata. Ta ce dama ta san mai araha za a zaɓa, ta faɗa a gidan suna, ta faɗa a gidan biki. Na yi mako biyu ina bin wata hanya zuwa kasuwa don kada in wuce ta unguwarsu. Bayan kaka, Uwata ta ce a kai wa yayar tawa ɗan wake daga gonar Beri. Na kai da kaina. Ta zuba hannu a ciki, ta duba, ta ce, "Wai har dillali ka nema? Da ka sayar da gonar ɗan'uwana, da kotu ce za ta raba mu." Na buɗe baki zan tuna mata abin da ta ce a kan tabarma, sai na ga ba riba, na rufe.

Yanzu Uwata tana shekara ta uku. An yi yajin aiki sau ɗaya, ta dawo gida ta yi watanni, na rame fiye da ita. Abokina na Rijau kuwa ya ƙi yarda in cire ƙarin nan daga farashi, ya ce ya riga ya saba, kuma mutanen gari sun riga sun san darajar dawarsa. Ban san ko za ta sami aiki in ta gama ba, maganar fansho ma tana nan inda na ajiye ta. Gonar dai tana Beri, bana ma an shuka dawa da wake.

In ta zo hutu takan shige ɗaki da kwamfutarta tun safe, ta saye ƙofa. Kwanan baya wata maƙwabciyarmu ta tare ni a zaure, ta rage murya, ta tambaye ni ko lafiya yarinyar nan ba ta fita. Na ce mata karatu take yi. Ta gyaɗa kai a hankali, ta ce Allah ya kawo sauƙi, da yamma kuma ta aiko mata da kwanon dambu.